Fuskar Mama Hoto

Shafi na 27

Masu turo mini saƙo suna cewa in bar Amarya ta tafi ta huta, wai surukar nan baƙin rai gare ta, duk na karanta. Ku gyara zama. Yau wasunku za su nemi yafiyar Mama Hoto, kuma ban yi muku alkawarin za ta yafe ba.

*

Mama Hoto tana goge idon kyamara da hannun hagu, na dama yana cikin aljihun rigar aiki inda ya saba ɓuya, sai mutum ya tare hasken ƙofar shagon.

Amarya ce, matar Auta. Ta haihu, 'yar har ta fara zama, amma sunan amarci ya ƙi sakinta. Ta yi sallama ta shigo da jaka a kafaɗa, Takwara na barci a bayanta.

"Hoton fasfo nake so, Mama."

"Na me?"

"Na katin aiki. An mayar da ni wata makaranta, a wani gari." Ta sunkuyar da kai. "Ni na nemi canjin. Motar kaya tana gida yanzu haka, ana lodi. Baban Takwara ya ce bakinsa ba zai iya gaya miki ba, ni kuma na ce ba zan fita kamar ɓarauniya ba."

Gaban Mama ya faɗi. Auta ne kaɗai ɗan da ya rage mata a gida, 'yar da ke bayan nan kuma sunanta ta ci.

Amma fuskarta ko gezau.

Nan ne fa matsalar take. Matar nan a da dariyarta ce jarin shagon. Yaron da aka kawo yana tsala ihu, in ta leƙo daga bayan kyamara ta yi masa fuska, sai ya manta da kukan. Daga baya hannun dama ya fara rawa, ƙafa ta fara nauyi, likitan ƙwaƙwalwa ya ce sunan ciwon Fakinsan. Ciwon ya bi ta kan murya ya rage ta, ya bi ta kan fuska ya ɗaure ta tamau. Tana murna a ciki, waje babu labari. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san Auta, ranar da ya ji ranar zai sa wa shagon kwaɗo. In za ta asibiti sai ta ce ta tafi sayen takardar hoto.

"Zauna," ta ce. Muryar ta fito can ƙasa.

Amarya ta zauna a bakin kujerar da ke gaban farin labule. Mama ta kunna fitila, ta daidaita kyamara a kan ƙafafunta uku, ta ɗauki igiyar dannawa da hagu. Da dabarar nan take aiki tun da hannun ya fara, kuma har yau ba a dawo mata da hoto an ce ya yi dishi-dishi ba.

"Ɗaga haɓa. Saki kafaɗa."

Amarya ba ta ɗaga ba.

"Shi ke nan, Mama?"

Mama ta dube ta.

"Na ce miki za mu tafi da jikarki, abin da za ki ce mini in ɗaga haɓa?" Idonta ya ciko. "Ki gafarce ni. Ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Amma ina so in sani kafin in tafi. Me na yi miki?"

"Babu."

"Akwai." Ta nuna bango, inda tsofaffin hotuna suke jere, Mama a tsakiyar mutane tana dariya har haƙoran ciki. "Wannan matar aka ce mini zan samu. Kowa taya ni murna yake yi, wai na yi dacen suruka. Na shigo gidanki, ban taɓa ganin haƙorinki ba. In na gaishe ki, amsar sai na kasa kunne. In na kawo abinci ki ture naman gefe. Ki zo ƙofar ɗakina ki tsaya ƙiƙam kina kallon ƙasa, ba ki shigo ba, ba ki wuce ba."

Amarya ta ci gaba.

"Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne ranar da na haihu. An miƙa miki ita, kin karɓa, ko minti ba ki yi ba kika mayar. Fuskarki kamar an ba ki ajiyar da ba ki so. Daga ranar ba ki sake ɗaukarta ba. Ni in kin ƙi ni, na ji. Ita me ta yi?"

A daidai lokacin Mama ta ji ƙarfin maganin safe yana zarewa daga jikinta. Ta san alamar. Kafaɗa ta fara ƙagewa, hannun da ke aljihu ya ƙara wuta. Maganin yana bayan labule, a cikin gwangwanin tsohon fim inda take ɓoye shi, kuma babu halin ta je ta sha a gaban yarinyar nan.

"Ba ki yi mini komai ba," ta ce.

Gaskiya ta faɗa. Amma ku auna yadda maganar ta fito, murya ba gishiri, fuska a ɗaure. Ko ni ce Amarya, kora zan ji.

"To." Amarya ta miƙe ta gyara goyo. "A bar hoton, na ɗauka a can. Allah ya ba ki ladan haƙurin zama da ni da kika yi."

Ta fita.

Mama ta saki igiya ta bi ta. Taku ƙanana, da sauri, har bakin ƙofa. Nan ƙafafun suka tsaya.

Ƙofa ce dai, wadda take shiga ta fita tun Auta yana rarrafe. Amma ciwon nan ba ya shiri da ƙofa. Tafin ƙafarta ya manne da ƙasa kamar an zuba masa gam. Ta karkata dama, ta karkata hagu, yadda likitar gashi, mai koya mata motsa jiki, ta nuna mata. Ta ƙirga a zuci. Gwiwa tana karkarwa, ƙafa ta ƙi ƙememe.

Amarya har ta tsallake titi, tana ɗaga wa tasi hannu.

Likitar gashin nan, wata gajeruwa mai faɗan tsiya, kullum takan ce mata, "Mama, ke kina jin kamar kina ihu, mu kuwa raɗa muke ji. Ki yi magana kamar kina kiran wani a tsallaken titi." Mama ta sha gwadawa a ɗakin wanke hoto, ita da bango. Yau ga titin, ga wanda ke tsallake.

Ta ja numfashi har ciki.

"Amarya!"

Mai gyaran waya na shagon kusa ya saki sukundireba. Mai tasin da ya fara tsayawa ya leƙo. Ita kanta Mama sai da muryar ta ba ta tsoro, rabonta da jin ta haka har ta manta.

Amarya ta juyo. Ta sallami mai tasi ta dawo a hankali.

"Na'am, Mama."

"Ƙafata ta ƙi."

"Ta ƙi me?"

"Tafiya. Sa ƙafarki a gabana, a gicciye."

"Mama, in tare miki hanya?"

"Sa, 'yar nan. In na ga abin tsallakawa, tana tashi."

Don kada ta faɗi, dole ta ciro hannun dama ta kama gefen ƙofa. Hannun ya fito fili yana kaɗawa, babban yatsa yana murza na kusa da shi. Amarya ta kalle shi, ta kalli fuskar Mama, ta sake kallonsa.

Ta miƙa ƙafa.

Mama ta zuba wa takalmin ido, ta ɗaga ƙafar dama sama, ta tsallake. Ta hagu ta biyo. Sai ga ta a waje tana tafiya, har sai da ta kai bakin kwata ta tsaya.

"Kin gani?" ta ce tana haki. "Wannan ce tsayuwar da nake yi a ƙofar ɗakinki. Shigowa nake so in yi."

Amarya ta rufe baki da hannu.

"Mu koma ciki," in ji Mama. "Mai gyaran waya ya samu kallo kyauta."

Da suka zo ƙofar, Amarya da kanta ta riga ta, ta gicciya ƙafa.

*

Amarya ta zaunar da ita a kujerar masu hoto. Mama ta kwatanta mata gwangwanin fim, ta ɗauko, ta buɗe, ta ga ƙwayoyin magani a ciki. Ta tsiyayo ruwa a kofi. Ganin yadda ruwan ke tangal-tangal a hannun Mama, ta kai hannu za ta riƙe mata.

"Bari. Rabin kofi ake zuba mini, sai in sha da kaina."

Amarya ta rage ruwan. Mama ta sha.

"Yanzu sai mu jira shi. Ba ya son gaggawa."

"Mene ne wannan, Mama?"

Ta gaya mata sunan. Ta gaya mata abin da likita ya ce, cewa akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke yi don jiki ya motsa, nata ya fara ƙaranci, maganin nan shi ke cikawa. In yana aiki, ita ce. In ya sauka, sai jiki ya koma na aro.

"Zai warke?"

"A'a. Gaba yake yi." Ta faɗa ba tare da kwana-kwana ba. "Amma a hankali yake tafiya, ni kuma ina taka masa birki. Kullum da safe ina zagaya filin bayan makaranta ina wurga hannu kamar soja. Ki tambayi masu shara, sun ɗauka takara zan shiga."

Amarya ta yi 'yar dariya cikin hawaye, ta durƙusa a gabanta.

"Ni fa na ɗauka ƙurar ɗakina kike dubawa. Wallahi Mama na goge tayil ɗin nan har ya fara santsi. Baban Takwara sau nawa yana zamewa."

"Allah sarki ɗana."

"Naman fa?"

"In na ci shi kusa da shan magani, tare masa hanya yake yi, sai in wuni a ƙage. Shi ya sa nake barinsa sai can da yamma. Wa kike tsammani yake cinye wanda kike rufewa a kicin?"

Amarya ta zaro ido. "Ke ce? Ni da nake ta yi wa bawan Allah faɗa, yana rantsuwa ina cewa ƙarya yake yi?"

"Hannunki da daɗi. Na daɗe ina son in gaya miki."

Dariyar ta yanke da kanta, don dukansu sun san akwai sauran magana ɗaya. Mama ta kalli ɗan kan da ke leƙowa ta kafaɗar Amarya.

"Ranar da aka miƙo mini ita, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, ko a haihuwar ubanta. Sai hannun ya fara. Na kalli ƙasa na ga siminti. Na ce in na yar da 'yar nan, ina zan sa kaina? Shi ne na mayar. Na koma gida na yi kuka. Shi ma kukan a ciki ya tsaya, fuskar ba ta taya ni ba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ke za ki gaya wa mijinki. Shi kuma ya rufe shagon nan, ya ajiye ni a falo da rimot. Likita ya ce zama shi ne abincin ciwon nan. Kuma wa zai kawo ɗansa wurin mai hoton da hannunta ke rawa?"

"Ni zan kawo."

"Ke ai ba ki biya."

Amarya ta kalle ta da sauri. Fuskar tana nan yadda take, amma yau ta gano inda ake duba matar nan. Idon ne yake dariya.

"Mama, wasa kike yi?"

"Na daɗe ina yi miki wasa. Ke ce kike tashi ki bar wurin."

Amarya ta kifa kai a gwiwar Mama ta yi kuka sosai, na kunya da na sauƙi a haɗe. Mama ta bar ta ta yi. Tana jin maganin ya fara hawa, kafaɗa tana saki, yatsun ƙafa suna dawowa nata.

"Tashi ki ja labulen can," ta ce. "Tunda yau ranar tonon asiri ce."

A bayan labulen akwai madubi a jingine. Mama ta juya kujera ta fuskance shi.

"Wannan aikin gida ne da likitar gashi ta ba ni. Kada ki yi dariya."

Ta ɗaga gira sama, ta sauke. Ta kumbura kumatu, ta saki. Ta tsuke baki, ta buɗe shi iya buɗewa, ta ja leɓe gefe da gefe. Amarya ta cije leɓe, kafaɗunta suna rawa.

"Na ce kada ki yi."

"Ban yi ba, Mama."

"Tun da aka sa ranar aurenku nake wannan. So nake in tare ki da fuska. Sai in yi a nan ya fito, in na iso gida ya gudu."

Ta juyo daga madubin ta dubi Amarya. Ta tattara duk abin da ke cikinta ta tura shi sama. Gefen baki na hagu ya fara tashi, na dama ya yi gardama, sannan ya biyo. Ba irin na bango ba ne. Rabinsa ne, kuma a karkace. Amma murmushi ne, haƙora a waje, kuma na Amarya ne ita kaɗai.

"Sannu da zuwa gidana," Mama ta ce. "Na makara."

Amarya ta share ido da bakin mayafi.

"Ba na tafiya."

"Kin ce an riga an mayar da ke."

"Yadda na je na roƙa a mayar da ni, haka zan koma in roƙa a fasa. In sun ƙi, in riƙa zuwa ina dawowa. Ai ba a kan kujerar makaranta aka haife ni ba."

"To ki rufa mini asiri wurin Auta."

"Wannan bakinki ne zai faɗa, ba nawa ba. Amma duk ranar da kika shirya, ina gefenki. Wanda zai rufe shagon nan sai ya fara rufe ni a ciki."

Hayaniyar ta tashi Takwara. Ta fara mutsu-mutsu, ta saki kuka. Amarya ta kwance goyon, ta jijjiga ta, ta ƙi shiru. Sai ta tsaya ta dubi Mama.

Mama ta gane. Ta girgiza kai.

"A'a, 'yar nan."

"A zaune kike. Ina nan."

Ta jawo matashin da ake jingina jarirai a kai in za a ɗauke su hoto, ta tura shi ƙarƙashin gwiwar hannun Mama. Ta ɗora mata 'yar a ƙirji. Hannun hagu ya tallafe, na dama ya sauka a bayan yarinyar yana 'yar rawarsa, wadda magani ya rage amma bai kashe ba.

Mama ta riƙe numfashi.

Takwara ta yi kuka ɗaya, ta yi na biyu a gajarce. Hannun yana bubbuga bayanta a hankali, ba ya sauri, ba ya tsayawa. Ta sa babban yatsa a baki. Idonta ya fara lumshewa.

"Kin ga," Amarya ta ce ƙasa-ƙasa, "ni sai na zagaya ɗaki kafaɗata ta ƙage kafin ta yi barci. Ashe injin yana gida."

"Kuma ba ya shan wuta," in ji Mama.

Hawaye ya gangaro mata, wannan karon har waje. Ta sunkuya ta shaƙi ƙamshin kan jikarta.

"Ɗauki igiyar can. Kyamarar tana saitin kujerar nan daidai. Ki matso kusa da ni, ki danna."

Amarya ta durƙusa a gefenta, ta danna. Fitila ta haska su su uku.

Hasken bai gama barin idonsu ba suka ji ƙugin babbar mota ta tsaya a waje. Auta ya shigo da gumi a goshi, mukullin gida a hannu.

"Ke muke jira tun ɗazu, direba yana ta..."

Maganar ta maƙale. Ya ga matarsa a durƙushe da jan ido. Ya ga 'yarsa a ƙirjin uwarsa. Sannan idonsa ya sauka a kan hannun.

"Mama, me ya samu hannunki?"

"Ka ce wa direba ya koma ya sauke kayan," Amarya ta ce. "Ba inda za mu."

Bai ko ji ta ba. Mukullin ya faɗi daga hannunsa.

"Mama, rawa yake yi. Tun yaushe?"

"Rufe ƙofa ka zauna, Auta. Ina da magana." Muryar ta fito tar.

Bai zauna ba. Ya taho da sauri, hannu biyu a miƙe, fuskarsa duk tsoro.

"Kawo ta tukuna. Kawo ta, Mama, kada ki yar da ita."

Mama ta ji maganar har ƙashi. Hannunta ya ƙara wuta a bayan yarinyar, amma ba ta miƙa ba.

A waje direba ya danna hon.

Amarya ta miƙe tsaye ta shiga tsakaninsu.

"Bar ta a inda take."